Mai Tsaron Numfashi

Sinnar, ƙarfe uku na dare.
Nilu na can yana wucewa, bai san da mu ba.
Ni ce a kujerar da ke wajen kai,
inda ba a ɗaukar hoto.

An kawo Baba Ishaga masunci daga Maiwurno,
hanji ya sarƙe, ciki ya yi ganga.
Da Larabci ya amsa sunansa,
da Larabci ya yarda a yanka,
amma da banju ya bi jijiya
na ce masa ya ƙirga,
sai Hausa ta ɓullo daga ƙasan maƙogwaro:
"Ɗaya, biyu... 'yar nan, riƙe min jirgin."
Bai kai huɗu ba.

Na riƙe.

Shekarata ta fari a wannan fanni
Dakta Majzub ya zaunar da ni gindin darbejiya,
yana hura shayin Tayyiba, ya ce:
"Sa mutum barci ba gwaninta ba ce,
mai dogon wa'azi ma yana yi.
Gwaninta a tashe shi.
Dubi leɓe kafin ki dubi na'ura,
na'ura takan yi ƙarya in batir ya yi sanyi."

Uku da minti ashirin wuta ta ɗauke.
Janareto ya yi tari biyu, ya bi ta.
Likitan fiɗa ya ce a haska masa da waya,
ni kuwa na lalubo baƙar jakar roba,
na matsa, na saki,
na matsa, na saki,
kamar ɗan maƙera a bakin zugazugi
wanda aka ce in wutar ta mutu, kai ne.
Yatsu biyu a jijiyar wuya
suna sauraren wani ɗan ganga mai nisa.
Gumi ya shiga ido, ba hannun sharewa.
Minti arba'in da bakwai
ina ara wa tsoho numfashi
daga dantsen da ya fara rawa.

Da gari ya waye 'ya'yansa suka zo
da ƙaton giwan ruwa a cikin buhu
suna neman likitan da ya yi aikin.
Na nuna musu ƙofarsa.

Ni rabona littafin magunguna:
kwalba biyu na ɗauka, ɗaya ta fashe a duhu,
sai an nemo shaida ya sa hannu.

Ran Alhamis kwamiti ya zauna,
mutum biyar, fanka tana juyawa lafiya lau.
"Me ya sa ba a rubuta awon jini ba
daga uku da ashirin har bayan huɗu?"
Na ce, "Hannu biyu gare ni, ranku ya daɗe."
Suka dubi juna. Ɗaya ya rubuta:
a riƙa kula da cike takardu.
Na ji haushi, ba zan ɓoye ba,
har na iso bakin titi.
Can na tuna yarinyar bara
da ba ta farka ba,
takarda ce kaɗai ta iya magana
ranar da dukanmu muka sunkuyar da kai.

A littafin horo na rubuta shi:
na ɗari biyu da sha biyu.
Saura da yawa kafin jarrabawa.

Na leƙa shi da la'asar.
Bai gane ni ba, haka ake so.
Ya ce, "Malama, mafarki na yi,
ina kwance a jirgi, ruwa ya yi baƙi,
wani yana tuƙa ni, ban ga fuskarsa ba."
Na ce Allah ya ƙara sauƙi,
na gyara masa robar ƙarin ruwa.

Yanzu ga ni a ɗaki,
mai raba wa mutane barci ta rasa nata.
Hannun dama kan matashi
yana matsawa, yana saki.